Yadda Za Ka Shirya Taron Kimiyyar Bayanan Lafiya da Kuɗin Gwamnati Ba Tare da Ka Fita Daga Hoto Ba

Matso da kujerarka. Kai da ka yi shekara da shekaru a mataki ɗaya a wurin aiki, yaran da ka koya wa kunna kwamfuta yanzu suna gaishe ka ta gilashin mota, yau kakarka ta yanke saƙa. Abin da zan ba ka ba a littafi na karanto shi ba. Na halarci tarukan ƙara wa juna sani a garin nan har jakunkunan taro sun cika mana ɗaki. Matata tana zuba busasshiyar kuɓewa a ta taron kwalara, takalman yara kuma suna cikin ta sauyin yanayi. Ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbaci gwamnati za ta ɗauki nauyin taronka, fuskarka za ta shiga rahoto, ƙarin girma ya biyo ka har gida. Mutum ɗaya kaɗai na san ya faɗi, shi ma don ya kauce ne ana dab da gamawa.

Sunansa Dakta Victor Didam, maƙwabcina a unguwar Narayi da ke Kaduna. Daktan lissafi ne da kwamfuta, yana aiki a wata cibiyar bincike da ba zan kama sunanta ba don ina da iyali. Mutumin kirki ne, kuma nan ne ciwonsa yake. An buɗe sabon sashe na bayanan lafiya a cibiyar, kujerar shugaban sashe babu kowa a kai, Darakta kuma ya faɗa a bainar jama'a cewa duk wanda ya jawo wa cibiya taron da gwamnati ta biya, kujerar tasa ce. Victor ya gaji da hawa keke napep daga Narayi yana riƙe da digiri uku. Ya sa wa kujerar nan rai sosai da sosai. Da shi zan riƙa yi maka misali.

MATAKI NA 1: Zaɓi sunan da ba wanda zai iya yi maka tambaya a kansa

Takardar neman tallafi ta farko da Victor ya rubuta, wai yana so ya tara ma'aikatan jinya na ƙananan asibitocin tsallaken gada, daga Kakuri har Kudenda, a tattauna yadda katin mara lafiya yake ɓata tsakanin wannan asibiti da wancan. Ka ji shirme. Kowa ya san kati, kowa ya san Kakuri, har masinjan da ya karɓi takardar a Abuja yana da ra'ayi a kai. Shiru kake ji, ko amsa ba su ba shi ba.

Kai ka sa manyan kalmomi: kimiyyar sarrafa manyan bayanai, ƙirƙirarriyar basira, makomar Afirka, ci gaba mai ɗorewa. Ka jera su yadda mai karatu zai ji kunyar cewa bai gane ba. Jami'in gwamnati ya gwammace ya sa hannu da ya ce a yi masa bayani.

Sannan ka liƙa "na ƙasa da ƙasa" a gaba. Ba ka da baƙo daga waje? Kana da abokin karatu da ya tsere Turai, sa sunansa, ka ce zai yi jawabi ta intanet. Ko ya amince ko bai amince ba duk ɗaya ne. Ranar taro sabis zai ɗauke, ka tsaya gaban farin allo kana ce wa jama'a ana nan ana ƙoƙari.

MATAKI NA 2: Nemi mataimaki, amma ka bar ido ɗaya a kansa

Wanda ya gyara wa Victor sunan taron shi ne George Shekari, abokin aikinsa, ofis ɗaya, fanka ɗaya. George bai taɓa rubuta shafi guda na bincike ba, amma babu hoton da aka rataya a bangon cibiyar nan da ba ya ciki. Yana da wata baiwa ta sanin inda kyamara za ta juya tun kafin mai ita ya sani.

Da amincewa ta fito daga Abuja, George ya rungume shi a bakin ofis ya ce, "Oga Victor, ni kujera ba ta dame ni ba. Kai dai ka hau, mu mu sha inuwa."

Victor ya ji daɗi har ya saya masa balangu. Kai kuwa ka riƙe wannan: duk wanda ya ce maka kujera ba ta dame shi ba, ya riga ya je ya gwada zama a kanta bayan an tashi daga aiki.

MATAKI NA 3: Kasafi

Ƙyallen sanarwa, jaka, mai hoto, abinci, ɗakin taro a otal mai fanka da labule. In wani abu ya rage, ka ƙara girman ƙyallen. Kimiyya ba ta cin shinkafa.

MATAKI NA 4: Samo bayanan lafiya ba tare da ka kusanci mara lafiya ba

Kada ka kuskura ka je asibiti. Asibiti akwai wari, akwai layi, kuma za ka iya haɗuwa da wanda ka sani ya ce ka taimaka. Alƙaluma suna nan jibge a intanet, na ƙasashen da ake ajiye abu a same shi. Kwaso su, ka zana su da launin ja da shuɗi, ka sa taswirar Kaduna a gefe don ado.

Haka Victor ya yi, ko da yake yana yi yana tsaki. Jawabinsa a kan ciwon suga ne a tsakanin mata masu shekaru. Abin dariyar shi ne yana da mai ciwon suga a gida. Mahaifiyarsa, Mama Naomi, tana zaune a unguwar Trikania cikin ɗakin da marigayi mijinta ya bari, ta ƙi komawa Narayi wai ba za ta bar cocinta ba. Da tuyar ƙosai a bakin masaƙa ta biya masa makaranta, lokacin da masaƙun Kakuri suke da rai. Shi yake saya mata ƙwayar suga duk wata, kuma a gabansa ma'aikaciyar jinya ta ja mata kunne: "Mama, wannan ƙwayar ba a shan ta ciki babu komai. In kika sha ba ki ci ba, suga zai faɗi ƙasa, ki faɗi tare da shi."

Ya ji, ya riƙe. Amma bai sa ta a jawabinsa ba, kuma ya yi daidai. Ba a haska uwa a majigi.

MATAKI NA 5: Cika ɗakin taro

Nan ake gane gwani. Furofesoshin da ka gayyata rabi ba za su zo ba, rabin da suka zo za su karɓi jaka su ce suna da wani taron. Gwamnati kuwa kawuna take ƙirgawa a hoto. Kujera babu kowa a kai abin kunya ce da ba ta wankuwa.

Kada ka ɗauko ɗalibai, suna danna waya kuma cinsu ya yi yawa. Kada ka ɗauko 'yan acaɓa, da sun ji hon a waje hankalinsu ya tafi. Je ka nemi Zumuntar Mata ta coci. Suna zuwa da wuri, suna da motar cocinsu, sun iya tafi, kuma dogon wa'azi ya hore su, za su zauna tun safe har yamma ba wadda za ta motsa.

George ne ya kawo shawarar, Victor ya ɗauki ƙafa ya je Trikania. Ya tarar da Mama Naomi tana tsince wake a faranti.

"Mama, taro nake shiryawa, na harkar lafiya. Manya za su zo daga Abuja. Ina so ki zo mini da matan zumunta su cika kujeru."

Ta ajiye farantin. "Bikto, kai ne ka shirya? Da sunanka?"

"Da sunana, Mama. In ya yi kyau za a ba ni shugaban sashe."

Ta ɗaga hannu biyu sama, bakinta yana motsi da addu'a. Sannan ta ce, "Ko rarrafe ne za mu zo. Ba za ka ji kunya ba."

"Amma ku sa kayan gida, kada ku sa zanen zumunta."

"Na ji."

Ran Lahadi Mama Christy, shugabar zumunta, ta miƙe lokacin sanarwa ta ce ɗan Mama Naomi ya kawo masu lafiya daga Abuja, kyauta ne, har da abinci, kowace mace ta shirya. Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai akwai abin da kowace tsohuwa a tsallaken gada ta sani ba sai an faɗa mata ba. Duk sanda masu lafiya suka zo da ƙyalle suka ce kyauta, to awon jini ne da gwajin suga. Dokar gwajin suga kuma ɗaya ce tun fil azal: ki zo ba ki karya kumallo ba. Sun sha yi a harabar coci, sun sha yi a firamare lokacin kamfe. Ba wadda ta tambaya, domin ba a tambayar abin da aka sani.

Victor bai san an yi wannan sanarwar haka ba. Kai ma in ka sani ka yi kamar ba ka sani ba, riba ce. Mai jin yunwa ba ya barin ɗakin taro kafin a raba abinci.

MATAKI NA 6: Babban baƙo, da dokar da ba a karyawa

Gayyaci mafi girman mutumin da ka san ba zai zo ba. Zai wakilta wani, wanin ya wakilta wani, har abin ya gangaro kan wani bawan Allah da ya shigo ofis da safe bai san da tafiya ba. Na Victor ya faɗa kan Alhaji Zakariyya'u, wani dattijon jami'i mai saura kaɗan ya yi ritaya.

Ga dokar: kafin babban baƙo ya iso, ya yi jawabi, a ɗauki hoto, ba a buɗe ko ruwan leda. Abinci yana ɗakin gefe a kulle, makulli a aljihun amintacce. Kwalaben lemo da aka jera a babban teburi na kallo ne, mabuɗinsu ma yana aljihun nan. Ka ciyar da jama'a kafin hoto, ka waiga ka ga kujeru da ƙasusuwan kaza. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, na ga taron da ya mutu a kan wannan kuskuren.

Amintaccen Victor, ba sai na faɗa maka ba, George ne.

Matan suka iso tun masu shara ba su gama ba. Duk cikinsu babu wadda ta bar zanen zumunta a gida, har da ɗankwali iri ɗaya, har da tulun kiɗa. Ka ce wa matar zumunta ta je taron ɗan 'yar'uwarta da kayan gida? Ai raini ne. George ya dube su, ya ɗaga kafaɗa, ya rataya wa kowacce kati a wuya mai rubutun "Mai Bincike". Suka zauna a jere, jaka a cinya, katin asibiti a cikin jaka. Mama Naomi a layin gaba, daidai saitin inda ɗanta zai tsaya.

Aka shiga jira. Mai gabatarwa ya ƙarar da barkwancinsa ya koma na farko. Aka yi addu'ar Kirista, aka yi ta Musulmi, aka sake gwada lasifika. Mama Christy ta tare George a bakin ƙofa.

"Ɗana, ta wace ƙofa za a fara layi?"

"Mama, komai sai babban baƙo ya zo."

Ta koma ta gaya wa sauran, suka gyaɗa kai, suka ɗauki waƙa a hankali don rage lokaci. Victor yana can yana faɗa da mai janareta, ya dawo yana faɗa da majigi, ya fita yana kiran Abuja. Sau biyu ya gifta gaban mahaifiyarsa, ta ɗaga masa hannu, ya ɗaga mata yana tafiya. Rana ta take, ta fara karkata.

MATAKI NA 7: Jawabai, da wanda ba a miƙa wa makirufo

Alhaji Zakariyya'u ya iso bayan azahar, babbar rigarsa duk ta yamutse, yana ba da haƙuri. Aka zaunar da shi, George ya zaro mabuɗi ya fasa masa kwalbar lemon molt mai sanyi, shi kaɗai, kamar yadda tsari ya tanada. Bai samu ya sha ba aka kira shi. Ya buɗe jawabin da aka damƙa masa a ofis, ya karanta shafi guda cur a kan muhimmancin takin zamani kafin ya gane an ba shi na wani taron. Ya ɗago ya dubi ƙyallen, ya ce, "To, haka ma abin yake a fannin lafiya," ya ci gaba. Matan suka tafa masa da zuciya ɗaya.

Darasi: ba wanda yake sauraron jawabi. Ka saki jikinka.

Victor ya hau. Gaskiya ya iya magana, ja da shuɗin nan suna ta hawa da sauka a allo. Ya saci kallon mahaifiyarsa ya ga gumi yana tsattsafo mata a goshi, idonta a kansa ko ƙiftawa ba ta yi. Ya ɗauka alfahari ne da zafin ɗaki. Daɗi ya cika shi, ya ƙara murya.

Sai lokacin tambayoyi. Ka saurare ni da kyau. Ka tanadi mutum biyu naka da tambayoyin da ka rubuta musu. Kada, ko da wasa, makirufo ya faɗa hannun matar zumunta. A wurinta makirufo na ba da shaida ne, kuma shaida tana da tsarinta. Yarinyar otal mai zagayawa da shi ba ta san wannan ba, ta ga hannu a sama ta miƙa.

Mama Christy ta miƙe ta gyara zani. "Yabo ga Ubangiji."

"Halleluya," ɗakin ya amsa, har da wani furofesa da ya farka daga barci.

Ta ja waƙa baiti ɗaya, tulu ya amsa. Ta gode wa Allah da ya tashe mu lafiya, ta gode wa gwamnati, ta ba da labarin yadda ƙafarta ta kumbura bara ta sace. Ta gode wa Mama Naomi da ta haifi ɗa mai tuna talakawa. Sannan ta juyo wajen babban teburi cikin ladabi.

"Ranku ya daɗe, ba gaggawa muke muku ba. Tambayata ita ce yaushe za a fara gwajin. Don tun tuwon jiya babu wadda ta sa komai a bakinta, kuma akwai tsofaffi a cikinmu."

Wasu daga baya suka yi dariya. Victor bai yi ba. Ya tsaya da sandar nuni a hannu yana ƙoƙarin haɗa abin da ya ji da fuskar da ya gani a layin gaba. George kuwa ya riga ya karɓe makirufo.

"Mun gode, Mama, za a duba wannan. Yanzu lokacin hoto ne, babban baƙonmu zai kama jirgin ƙasa a Rigasa."

MATAKI NA 8: Hoto

Duk abin da na faɗa maka a baya share fage ne. Taron shi ne hoton. Shi za a manna a rahoto, shi Darakta zai gani, shi Abuja za ta gani. Wurinka yana hannun daman babban baƙo, ƙarƙashin ƙyalle. Ka dasa ƙafarka a nan. Ko rufin otal ne yake zubowa, ka bari mai hoto ya danna tukuna.

George ya ja Victor ta hannu ya tsayar da shi a wurinsa. Manya suka jeru gaban babban teburi, matan zumunta suka taso suna cika baya da gefe. Mai hoto yana ta "Hajiya matsa, Mama sunkuya, Oga gyara hula." Alhaji Zakariyya'u ya ga abin zai ɗau lokaci, ya miƙa hannu baya ya ɗauko molt ɗinsa.

Kujera ɗaya ce a layin gaba mai ita ba ta taso ba.

Mama Naomi ta zame gefe guda, kanta ya langaɓe a kafaɗa. Ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf da gumi, katin "Mai Bincike" yana lilo a wuyanta. Victor ya ce, "Mama?" Ta ɗago ido da ƙyar ta kira shi da sunan ƙaninta da ya rasu tun tana budurwa.

George ya riƙe masa gefen kwat. "Oga, dannawa ɗaya ce. Tsaya."

Victor ya waiga wajen Mama Christy. "Ta sha ƙwayarta yau?"

"Ta sha tun a mota. Ta ce kada likitocinka su ce ba ta bin doka."

To, nan ne maƙwabcina ya watsar da aikin wata da watanni. Alhaji Zakariyya'u ya kai kwalba bakinsa ke nan, wakilin wakilin babban mutum, baƙon gwamnatin tarayya, sai ya ji an fizge ta daga hannunsa. Victor bai ce gafara ba, bai ce ranka ya daɗe ba. Ya tsallake wayar lasifika, ya zube gwiwa biyu gaban mahaifiyarsa, ya tallafo kanta. "Mama, sha. Kaɗan-kaɗan. Ni ne, Bikto. Haɗiye, Mama." Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Molt yana zuba a kan kwat ɗin da ya ɗinka don wannan rana.

Gurbin da ya bari bai huce ba George ya cike shi. Mai hoto ya danna.

Alhaji Zakariyya'u ya tsaya da hannu a buɗe, ya dubi tsohuwar, ya dubi matan. "Subhanallahi. Mahaifiyarsa ce? Kuma duk bayin Allahn nan ba su ci komai ba tun jiya? Wa yake riƙe da makullin abincin nan?" George ya fito da shi yana murmushi, kamar dama jira yake a tambaya. Aka buɗe ɗakin gefe. Abin da ya biyo baya ba zan ba da labarinsa ba, saboda ina girmama Zumuntar Mata.

Victor bai gani ba. Da idon Mama Naomi ya fara dawowa, ya ɗauke ta cak zuwa motar coci, direba ya nufi asibiti da su.

Da yamma na je duba su. An sa mata ruwa, ta ci abinci, ta dawo hayyacinta. Yana zaune bakin gadon, kwat ɗin yana ninke a cinyarsa. Ta kama hannunsa.

"An ɗauki hoton?"

"An ɗauka, Mama."

"Ka fito da kyau?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon tabon molt ɗin da ke jikin kwat ɗinsa.

Ta ce, "Yunwar ta so ta fi ƙarfina tun da hantsi. Akwai ƙuli a jakata. Na ce a'a, in na ci zan ɓata wa Bikto lissafi a gaban manyansa."

Ya kifa kansa a kan katifar nan ya yi kuka, ƙato da shi, mai digiri uku. Ni na fita waje, don wani abu ya faɗa mini a ido.

MATAKI NA 9: Rahoto

Rubuta shi da zafi-zafi, ka fara da "gagarumar nasara". George ne ya rubuta nasu, shi ne rubutunsa na farko a cibiyar. Ya sa mai hoto ya yanke gefen hagu inda wani abu ya ɓata tsari. Abuja ta yaba ƙwarai, musamman yadda mata masu bincike suka fi maza yawa, har aka ce a yi koyi da Kaduna. Darakta ya duba hoton ya ga wanda yake hannun daman babban baƙo. Yau George ne shugaban sashe, yana da labule a ofis, kuma an ce baɗi taron zai fi na bana girma.

Victor yana nan a matakinsa, yana hawa keke napep. Ya ƙara lalacewa ma. Matan zumunta sun ƙi daina tambayarsa yaushe za a yi gwajin da aka yi musu alkawari, har ya gaji ya sayi ɗan abin gwajin suga, ya roƙi wata ma'aikaciyar jinya 'yar cocin, suna zama kan benci a bayan majami'a ranar zumunta. Kafin ya taɓa yatsar kowa sai ya tambaye ta abin da ta ci da abin da ta sha. Babu ƙyalle, babu babban baƙo, gwamnati ba ta san ana yi ba. Na leƙa sau ɗaya, aka soke ni a yatsa, aka ce nawa ya hau in rage shayi. Ko jaka ba su ba ni ba.

SANARWAR WANKE HANNU

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba jami'in gwamnati ba ne, kuma in aka kira shi gaban kwamiti zai ce bai taɓa ganinka ba. Wanda ya bi matakan nan ya samu kujera, ya ci shi kaɗai, kada ya neme ni. Wanda ya bi su tsohuwarsa ta zube a layin gaba, ni ban ce ya tsaya ba, ban ce ya tafi ba, na dai faɗi inda kyamara take. Babu ruwana da kwat da ya ɓaci, ko baƙon da aka raba da lemonsa, ko barcin da ya ƙi zuwa bayan an samu ofis mai labule.

Mai ƙorafi ya wuce Trikania ya kai wa Mama Naomi. Ta aika Mama Christy wajen mai hoton nan ta karɓo na asali, wanda ba a yanke ba, ta sa shi a gilashi ta rataye saman gadonta. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta nuna masa. Manya sun jeru suna murmushi, George a tsakiya, Alhaji da hannu a buɗe. Can ƙasa a kusurwar hagu akwai bayan wani mutum a durƙushe, ko fuskarsa ba a gani. Nan take ɗora yatsa.

"Ga Dakta nan," in ji ta. "Sauran ban san su ba."